Shin in zuba jari a ƙananan kwanturolan haɗa kiɗa?

Tambaya: Ina da shagon kayan kwamfuta, kuma a 'yan watannin nan matasa masu haɗa kiɗa suna yawan tambayata ƙananan na'urorin nan da ake jonawa da kwamfuta domin sarrafa manhajar kiɗa. Wani ɗan sari ya yi mini tayin wani samfuri marar suna a farashi mai rahusa, da sharaɗin in kwashi da yawa a lokaci guda. In zuba kashi ɗaya cikin uku na jarina a kansu, ko kuwa in sayi 'yan kaɗan na sanannun kamfanoni duk da tsadarsu?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ka karɓi wannan tayin a yadda aka kawo maka shi, kuma dalilina yana cikin yadda na'urar kanta take aiki. Wannan na'ura, wato kwanturola, ba ta fitar da sauti ko kaɗan. Saƙo kawai take aika wa kwamfuta ta hanyar tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983 bayan haɗin gwiwar masu ƙera kayan kiɗa, musamman Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. Idan makaɗi ya danna maɓalli, abin da ke tafiya cikin waya shi ne lambar maɓallin da kuma ƙarfin da aka danna shi da shi, a ma'aunin da ya tsaya tsakanin 0 da 127. Manhaja ce ke mayar da wannan saƙo amon fiyano ko na ganga. Matsayinta ɗaya da rimot ɗin talabijin, wanda darajarsa ta dogara ga akwatin da yake sarrafawa. Saboda haka abin da mai saye yake biya wa kuɗi shi ne dacewar na'urar da manhajar da ke cikin kwamfutarsa, kuma a nan ne samfuri marar suna ya fi rauni.

Gaskiya ne cewa kusan kowace kwanturola mai USB za ta buga sauti a kowace manhaja da zarar an jona ta. Matsalar tana wajen maɓallan murɗawa da na ja sama da ƙasa da na kunnawa da tsayarwa, domin idan kamfanin bai tanadi daidaitawa da manhajar ba, sai mai ita ya zauna ya haɗa kowane maɓalli da aikinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da sabon shiga ba ya jurewa. Manyan kamfanoni sun gina kasuwarsu ne a kan ɗauke wa mutane wannan wahala. Launchpad na kamfanin Novation, mai maɓallan roba 64 a jere takwas-takwas, ya fito a 2009 domin manhajar Ableton Live, kuma a shekarar ce kamfanin Akai ya fitar da APC40 domin wannan manhajar. Masu aiki da manhajar FL Studio sun sami Akai Fire a 2018, sannan jerin FLkey na Novation a 2022. Akwai kuma na kowa da kowa, irin su MPK Mini na Akai da MiniLab na Arturia, masu ƙananan maɓallan fiyano 25, da nanoKONTROL2 na Korg, wanda ba shi da maɓallan fiyano sam, sai na daidaita sauti layi takwas da na kunnawa da tsayarwa. Wanda ya zo neman ɗaya daga cikin waɗannan ba lallai ne ɗayan ya biya masa buƙata ba, ko da farashinsu ya zo ɗaya.

Don haka kafin ka fitar da ko sisi, ka ajiye littafi a kan kantar shagonka na tsawon wata guda, duk wanda ya tambaya ka rubuta manhajar da yake aiki da ita da abin da yake son yi, ko buga fiyano, ko tsara kiɗan ganga, ko tace waƙar da aka riga aka naɗa. Ina kyautata zaton za ka tarar amsoshin sun taru a kan manhaja ɗaya ko biyu, kuma su ne za su zaɓa maka kayan da za ka saro. Za ka kuma gano waɗanda ba kwanturola suke buƙata ba, kamar mawaƙin da ke son naɗar muryarsa, wanda makirfo da na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta ne maganin matsalarsa. Sayar wa irin wannan mutum kwanturola ciniki ne da zai dawo maka cikin kwana biyu.

Akwai wani ɓangare na hajar da ido ba ya gani, kuma 'yan kasuwa da yawa ba sa sanya shi a lissafi. Sanannun samfura sukan zo da lasisin manhaja kyauta, kamar Ableton Live Lite da wasu tarin sautuka, waɗanda mai saye yake karɓa bayan ya yi wa lambar na'urarsa rajista a shafin kamfanin. Ga matashin da yake farawa, wannan kyauta takan kai muhimmancin na'urar kanta. Ka tambayi ɗan sarin nan ko nasa kayan suna da irinta. Haka kuma idan ka shiga sayen na hannu, ka sani cewa mai ita na farko wataƙila ya riga ya karɓe lasisin da sunansa, saboda haka ka rage kuɗin saye gwargwadon hakan, kuma ka faɗa wa wanda za ka sayar wa tun kafin ya biya.

Yanzu ga lissafin kuɗi. A ƙaddara ribarka a kan kowace na'ura kashi 15 cikin 100 ce na kuɗin da ka saro ta. Idan guda ɗaya ta lalace, ɗan sari kuma ya ƙi karɓa, asararta ta cinye ribar kusan guda bakwai. Wuraren da ƙananan kwanturola suka fi samun matsala sanannu ne, wato ramin USB da ke kwancewa saboda yawan cirewa da sakawa, da maɓallan roba da ba sa jin bugu daidai da juna, wani sai an dake shi, wani kuwa ya amsa sau biyu a taɓawa ɗaya. Rahusar da babu garanti a bayanta ba ta rufe irin wannan giɓi. Idan har kana son gwada kayansa, ka nemi guda biyu ko uku, ka ba wani ƙwararren mai haɗa kiɗa ya yi aiki da su na wasu makonni, sannan ka nemi yarjejeniyar musanya a rubuce.

Batun kashi ɗaya cikin uku na jari kuwa, ya yi yawa ko da a kan sanannun samfura ne. Wannan haja ba ta gudu kamar waya ko abin ajiyar bayanai, domin mutum yakan saya sau ɗaya ya shekara da shekaru yana amfani da ita. Kamfanonin kuma suna sabunta samfuransu, kamar yadda MPK Mini da MiniLab suka bi zubi na biyu da na uku, kuma duk ranar da sabon zubi ya fito, tsohon da ke kan kantarka zai yi kwantai sai ka karya farashi. A ganina kada ka wuce kashi ɗaya cikin goma a karon farko, a kan samfuri biyu ko uku, ka riƙa ƙarowa gwargwadon yadda suke fita.

Ka sadaukar da guda ɗaya ka jona ta da kwamfuta da abin saurare na kunne a cikin shago, domin mai saye ya ji ƙanƙantar maɓallan da yatsunsa, tunda wanda ya saba da cikakken fiyano sau da yawa ba ya jin daɗinsu. Ka kuma ajiye ƙananan kayan da ke tafiya tare da ita, wato wayar USB ta canji, da mahaɗin USB-C domin sababbin kwamfutoci, da fedar ƙafa mai tsawaita sauti ga samfuran da ke da raminta, saboda su ne ke fita kullum ba tare da sun ɗaure maka kuɗi ba. Idan kuma wani dillali ya nemi ƙarin kuɗi da sunan MIDI 2.0, wanda aka amince da shi a 2020, kada ya ruɗe ka, domin an tsara sabon tsarin ne ya yi aiki tare da tsohon, kuma mai haɗa kiɗa a ɗakinsa zai gama aikinsa da na'urar tsohon tsari lafiya lau.