Bambancin Kiɗan Yatsa da na Gogawa

Ɗan'uwa daga Agege, ka ce ka fara koyon jita, malaminka yana ta cewa ka riƙa jan tsirkiya ɗaya-ɗaya, kana son sanin me yake nufi.

Abin da yake so shi ne ka ɗan ja tsirkiya da kan yatsa ko farce, ka sake ta nan take. Sakin ne ke sa ta karkarwa, cikin jitar ya ɗauka ya ƙara wa sautin ƙarfi, daga nan ya yi ta raguwa har ya mutu. Goge da kukuma kuwa gogawa ake yi, muddin hannu na tafiya sauti ba ya yankewa.

Ai jan tsirkiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka ake kaɗa gurmi da molo da garayar maharba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tak kuntiginsa ke da ita, amma ka ji yadda take magana a hannunsa.

Kula da inda kake ja. Kusa da gindin tsirkiya sauti kan fito siriri da kaifi, ka matso wajen ramin jitar sai ya yi taushi. Kada ka fizga da ƙarfi, ƙara kawai za ka samu mara daɗi. Yatsun hannun da ke danne tsirkiya za su yi zafi kafin su yi kanta, ka daure.

Sannan damshin Legas na sa tsirkiyar ƙarfe tsatsa da wuri, don haka ka riƙa share ta da busasshen tsumma in ka gama.