Ga ɗan uwan da ya dawo Ingila daga Kano ya kasa sakewa

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce tun da ka dawo daga ganin gida komai na nan ya fice maka a rai, har kana tunanin tattara komatsanka ka koma Kano gaba ɗaya. Wallahi kamar zuciyata ka leƙa. Mun san ciwon nan.

Amma kada ka yanke hukunci a watan farko. Sati ukun da ka yi, a baƙo ka yi su, da fam a aljihu, ana ta zuwa gaishe ka da kwanukan tuwo. Ba kai ka sayi man janareta na shekara ba, ba kai ka biya 'yan garuwa da kuɗin makarantar yara ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin gida ya canza. Ka sa wani magidanci sa'anka ya rubuto maka abin da yake kashewa a wata, ka ɗora a kan albashin naira, ba na fam ba.

Lokacin da ka dawo ma yana da nasa laifin. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar, la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskarka, ka dawo ɗaki ba mai ce maka sannu da zuwa. Ka riƙa shan bitamin D, mikrogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, kuma kada Juma'a ta wuce ka.

Idan zazzaɓi ya kama ka, ko da bayan watanni ne, ka je asibiti ranar, ka ce musu daga Najeriya kake. Jikin da ya daɗe a waje ya rasa garkuwar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa yake kayar da mu fiye da na gida. Mai shan Malarone, maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, sai ya ƙara kwana 7 yana sha bayan dawowa, a nan mutane ke sakaci.

Abin da ya fi ƙona rai kuwa, wanda na san ba ka faɗa ba, shi ne ginin da aka ce an kai linta, mutum ya je ya tarar da tushe ciyawa ta cinye. Hoton ginin maƙwabci ake turowa! Kuma ɗan uwa ne na jini, in ka yi magana a ce ka je Turai ka koyi rashin kunya, Hajiya ta ce a bar maganar don zumunci. Kuɗin aikin dare cikin sanyi fa. Allah ya isa ma ba ta faɗuwa. Ka biya mai bulo da mai siminti kai tsaye, mataki-mataki: tushe, linta, rufi, kowanne sai ka gani a kiran bidiyo tun daga bakin layi. Takardar fili da sunanka, ba na yayanka ba.

In ka dage sai ka koma, duba takardunka tukuna. Mai neman izinin zama na dindindin ta bizar aiki kada ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12. Wanda ya samu kuma, in ya yi shekara 2 bai leƙo ba, izinin ya faɗi.

Af, kilishi da man shanu ba a shigowa da su, in an gani ƙwacewa ake yi. Kuka da yaji dai ka cika jaka.