Amsa: ɗaukar fistol da harsashi a ciki, tana kube

Malam, ka ce ka fara aikin ɗan sanda a Ikeja, kana tsoron fistol ta tashi da kanta a kube in akwai harsashi a ciki. Tsoronka yana kan hanya.

Fistol ta zamani irin Glock tana da makullai a cikinta, allurar ba ta bugun harsashi sai an ja kunama. Tsoffi irin Tokarev da na ƙirar gida kuwa, kada ka yarda da su, faɗuwa ƙasa kaɗai na iya tayar da su.

Inda hatsarin ya fi yawa shi ne lokacin mayar da ita kube. Gefen riga ko igiyar jaka ta shiga wurin kunama, ka danna bindigar ƙasa, shi ke nan ta tashi a cinyarka. Ka duba da idonka, ka janye rigar, yatsa a miƙe a jikin bindigar, ka saka a hankali. Gumin Legas da damina suna sa kuben fata ya yi laushi har bakinsa ya lanƙwashe ciki. Nemi mai tauri da ya rufe kunama gaba ɗaya, mai maɗauri, saboda cunkoson motocin haya na danfo da na unguwar Oshodi. Don Allah kada ka soke ta a ƙugu haka kawai.

Batun ɗana ta kuwa, wato ɗaukar ta da harsashi a ciki, bi umarnin sashenku.

Ga sauran 'yan'uwa masu karatu: Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, lasisinta sai daga Shugaban Ƙasa.