Filin Tambaya da Amsa: Wa Zai Kai Labari a Wasannin Fitar da Gwani na NBA?

Duk lokacin da Afrilu ya ƙarato, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan karkata ga gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka. Ga kaɗan daga cikinsu, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Malamai, ina kallon wasannin amma har yau ban gane yadda ake zaɓen ƙungiyoyin da ke shiga wasannin fitar da gwani ba. Wasu sun ce takwas-takwas ne, wasu sun ce goma-goma.

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun suna da gaskiya. Ƙungiyoyi 30 ne, 15 a rukunin Gabas, 15 a na Yamma, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu. A kowane rukuni, shida na sama sun wuce kai tsaye. Daga ta bakwai zuwa ta goma sai sun bi ta wasannin cike gurbi, tsarin da ya zauna tun kakar 2020-21. Ta bakwai ta karɓi baƙuncin ta takwas, wadda ta ci ta ɗauki gurbi na bakwai. Ta tara ta kara da ta goma, wadda ta faɗi ta kama hanyar gida. Sannan wadda ta sha kaye a wasan farko ta haɗu da wadda ta yi nasara a na biyu, a nan ake cike gurbi na takwas. Ka ga ke nan ta bakwai da ta takwas suna da dama biyu, ta tara da ta goma kuwa dole su ci biyu a jere.

Daga nan zagaye huɗu ne, kowanne wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Mai matsayi mafi kyau tana buga wasa na 1, 2, 5 da 7 a gidanta. Nasara 16 ke kai ƙungiya ga kofi.

Tambaya: Yaya zan bambance ƙungiyar da za ta iya ɗaukar kofi da wadda kawai ta tara nasarori a kakar wasa? Ina yawan zaɓar ta saman tebur, ƙarshe a bar ni da cizon yatsa.

Amsa: Tebur yana da amfani, amma aikinsa tace ƙungiyoyi ne, ba ya zaɓar maka gwani. Fara da tazarar maki. Masu nazari suna lissafa maki nawa ƙungiya ke ci a hari 100, su cire waɗanda ake ci mata a hari 100. Wannan ya fi yawan nasarori faɗin gaskiya, domin ƙungiyar da ta ci wasanni da yawa da tazarar maki ɗaya ko biyu, sa'a ta taimake ta, kuma sa'a ba ta cika maimaita kanta ba. Oklahoma City Thunder a kakar 2024-25 ta ci wasa 68, tana fin abokan karawarta da kusan maki 13 a kowane wasa, tazarar da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Ita ta ɗauki kofin, duk da cewa sai da Denver da Indiana suka ja ta har wasa na bakwai.

Akwai kuma tsohon ma'auni da ake dangantawa da koci Phil Jackson: ƙungiyar da ta isa a yi maganarta ita ce wadda ta ci wasa 40 kafin a doke ta sau 20. Yawancin zakaru sun cika wannan sharaɗi. Fitacciyar da ta saɓa ita ce Houston Rockets ta 1995, wadda ta shigo a matsayi na shida da nasara 47 kacal ta ɗauke kofin. Amma ka tuna ita ce ke riƙe da kofin tun 1994, tana da Hakeem Olajuwon a kan ganiyarsa, kuma ta ƙaro Clyde Drexler ana tsakiyar kaka. Babu ƙungiyar da ta taɓa cin kofi daga matsayin da ya gaza wannan.

Bayan alƙaluma, ka yi wa ƙungiyar tambaya uku. Shin tana da ɗan wasan da zai iya samar wa kansa jifa mai kyau idan saura daƙiƙa biyar cikin 24 ɗin da ake ba ƙungiya ta yi jifa a kowane hari, duk dabarar koci ta rushe? Shin tana da hanyar tsaro fiye da ɗaya? Sannan wadda muka fi ba muhimmanci: a cikin 'yan wasanta bakwai ko takwas na farko, akwai wanda abokan hamayya za su mayar da shi abin farauta? Idan akwai, za su gano shi kafin a tashi wasa na biyu.

Kada ka manta da lafiya, domin ita ce ke ɓata kowane hasashe. A wasannin ƙarshe na 2019, wato zagayen da ake ɗaukar kofi, Golden State ta rasa Kevin Durant a wasa na biyar bayan agararsa ta tsinke, ta rasa Klay Thompson a na shida da raunin jijiyar gwiwa. A 2025 kaɗai, Damian Lillard da Jayson Tatum da Tyrese Haliburton duk agararsu ta tsinke ana cikin wasannin fitar da gwani. Wannan na cikin abin da ya sa daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi cikin shekara bakwai.

Tambaya: Me ya sa ɗan wasan da ya haskaka duk tsawon kaka sai ka ga koci ya ajiye shi a benci da an fara wasannin fitar da gwani? Wannan ba cin fuska ba ne?

Amsa: Ba cin fuska ba ne, 'yar'uwa, lissafi ne. Wasa minti 48 ne, mutum biyar a fili, jimilla minti 240 ake rabawa. A kakar wasa koci yakan raba su tsakanin mutum goma saboda tafiye-tafiye da wasannin da ake bugawa dare biyu a jere. A wasannin fitar da gwani akwai aƙalla kwana guda na hutu tsakanin wasa da wasa. Idan biyar na farko suka buga minti 38 kowanne, minti 190 sun tafi, saura 50, kuma mutum uku sun isa su cinye su. Na tara da na goma sai dai su tafa.

To wa ake ajiyewa? A nan ne batun farauta ya shigo. A kakar wasa kana haɗuwa da ƙungiya yau, jibi kana wani gari da wata, babu mai lokacin tsayawa ya yi nazarin rauninka. Yanzu kuwa mutane ɗaya za ka fuskanta kusan mako biyu, kuma aikinsu ke nan dare da rana.

Ɗauki harin da aka fi yi a gasar, inda dogon ɗan wasa ke tsayawa ya zama shinge a gaban mai tsaron wanda ke riƙe da ƙwallo, sannan ya zame ya nufi kwando. Manyan hanyoyin tare shi uku ne, kowacce da inda take yoyo. Ta farko, dogon mai tsaro ya ja da baya ya tsare ƙarƙashin kwando. Tana aiki har sai an gamu da gwanin jifa daga nesa, wanda zai tsaya a filin da aka bar masa ya yi ta zubawa. Ta biyu, masu tsaron su yi musaya, kowa ya kama wanda ya zo gabansa. Matsalarta, abokan hamayya za su yi ta kiran wanda gajeren ɗan wasanka ke tsaro ya zo ya kafa shingen, har sai gajeren ya wayi gari shi kaɗai a gaban tauraronsu. Haka za su yi sau goma a jere ba kunya. Ta uku, mutum biyu su rufe mai ƙwallo. Idan ya samu ya fitar da ita, an bar mutum uku suna tsaron huɗu. Da wannan Stephen Curry da Draymond Green na Golden State suka shafe shekaru suna wahalar da ƙungiyoyi.

A ɓangaren hari kuma, wanda ba ya iya jifan maki uku, wato jifa daga nesa, shi ne nauyi. A 2015 Memphis tana gaban Golden State da ci 2-1. Kocin Golden State, Steve Kerr, ya ɗora dogonsa Andrew Bogut a kan Tony Allen na Memphis, gwanin tsaro amma mai raunin jifa, Bogut ya ƙyale shi can gefe ya dawo ya toshe hanyar kwando. Golden State ta ci wasa uku a jere. Makonni kaɗan bayan haka, a wasannin ƙarshe da Cleveland, Golden State ta sake samun kanta a baya da ci 2-1, sai ga shi Bogut ɗin ne aka ajiye aka sa Andre Iguodala, wanda ya ƙare a matsayin gwarzon wasannin. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza, kuma wanda ya ceci ƙungiya a wannan zagaye yana iya zama matsalarta a na gaba.

Tambaya: Wane irin shiri ƙungiyoyi ke yi a kwanakin da ke tsakanin ƙarshen kaka da wasan farko?

Amsa: Shirin yakan fara tun makonni kafin kaka ta ƙare. Ana raba wa mataimakan koci ƙungiyoyin da ake tsammanin haɗuwa da su, kowa da tasa, a tura masu leƙen asiri su zauna kusa da fili suna rubuta sunayen dabaru da alamun hannu da kocin can ke yi. Masu haɗa bidiyo su yanka wasanni gunduwa-gunduwa: duk harin da aka kai bayan hutun neman shawara, duk jefo ƙwallo daga gefe, duk abin da ƙungiyar ta yi a minti biyar na ƙarshe idan wasa ya yi kankankan. Kowane ɗan wasa yana samun nasa bayani a kan wanda zai tsare, ta wane hannu ya fi son wucewa, daga ina jifansa ke shiga, wace yaudara yake yi kafin ya tashi sama.

A filin atisaye 'yan benci ne ke kwaikwayon abokan hamayya, ana bin dabarunsu a hankali, kamar da tafiya, har jiki ya haddace. Aƙalla sau ɗaya ana yin wasa mai zafi tsakanin juna, saboda shida na sama sukan yi kusan mako guda ba gasa, kuma ƙafa da numfashi suna saurin sanyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika wa 'yan wasa kai da bayani. Wanda ke tunani kafin ya motsa ya riga ya makara da rabin taku, shi ya sa ƙwararrun masu horarwa ke tace littafi guda ya koma ƙa'idoji uku ko huɗu.

Wani abin ban dariya a tsarin: wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta ƙarshen sanin abokiyar karawarta. Ta uku zuwa ta shida sun sani tun daren da aka rufe kaka, ta biyu ta sani bayan wasan cike gurbi na farko, ta ɗaya kuwa sai ta shirya wa ƙungiyoyi huɗu, ta kuma jira wasan ƙarshe. A 2023 Miami ta faɗi a hannun Atlanta, ta doke Chicago ta samu gurbi na takwas, ta fitar da Milwaukee mai matsayi na ɗaya da ci 4-1, ba ta tsaya ba sai wasannin ƙarshe.

Tambaya: Ya kamata koci ya hutar da taurarinsa a makonnin ƙarshe, ko ya ci gaba da neman matsayi?

Amsa: A ganinmu matsayi biyu ne kawai suka cancanci a wahalar da tauraro dominsu: na shida, don a tsere wa cike gurbi, da na huɗu, don a fara zagayen farko a gida. Bambancin ta biyu da ta uku bai kai darajar cinyar tauraro ba. Sai dai hannun koci a ɗaure yake. Tun kakar 2023-24 hukumar gasar ta hana hutar da taurari biyu masu lafiya a wasa ɗaya, tarar farko dala 100,000 ce, kuma ɗan wasan da bai buga wasa 65 ba ya fita daga takarar gwarzon kaka. Abin da ya fi dacewa shi ne a rage wa tauraro wasanni, amma a 'yan wasannin da zai buga a ɗaga mintocinsa zuwa 38 ko 40. Wanda ya saba da minti 32 aka tashe shi rana ɗaya aka ce ya buga 42, tsokar bayan cinya ce ke fara biyan bashin.

Tambaya: Ƙungiyata tana dogara da jifan maki uku. In damu?

Amsa: Lissafin yana bayanta. Jifa 100 na maki uku da 36 suka shiga sun ba da maki 108, jifa 100 na maki biyu da rabi suka shiga sun ba da 100. Haɗarin shi ne wasa bakwai ba su da yawa, dare ɗaya mara kyau ya isa. Houston ta zubar da jifa 27 a jere daga nesa a wasa na bakwai da Golden State a 2018, ga tauraronta Chris Paul a benci yana jinya. Duba ko ƙungiyarka tana da wata hanyar samun maki, kamar kutsawa kwando a yi mata laifi ta samu jifan kyauta, ko cafke ƙwallon da ta dawo ta sake kai hari cikin daƙiƙa 14 da ake ba ta.

Tambaya: Waɗanne dokoki ne ke iya raba ƙungiya da ɗan wasanta ba tare da rauni ba?

Amsa: Wanda tsohuwar ƙungiyarsa ta sallama bayan 1 ga Maris ba zai buga wa wata sabuwa wasannin fitar da gwani ba. Matasan da ke kan kwantiragin kai-komo tsakanin NBA da ƙaramar gasarta su ma ba sa bugawa, sai an mayar da su cikakkun 'yan ƙungiya kafin kaka ta rufe. Laifin rashin ɗa'a, irin musu da alƙalin wasa, idan ya kai bakwai a wasannin fitar da gwani dakatarwar wasa ɗaya ce. Mugunyar ƙeta kuma maki ake tara mata, ƙarama ɗaya, babba biyu, da sun haura uku sai dakatarwa. Haka Draymond Green ya rasa wasa na biyar a wasannin ƙarshe da Cleveland a 2016 lokacin da Golden State, mai nasara 73 a kakar, take gaba da ci 3-1, Cleveland ta ci ukun da suka rage. Sannan duk wanda ya baro yankin benci ana hayaniya a fili ya sayi dakatarwa ko bai taɓa kowa ba. A 2007 Phoenix ta buga wasa na biyar da San Antonio babu Amar'e Stoudemire da Boris Diaw saboda wannan, shi ya sa da rikici ya tashi za ka ga mataimakan koci sun juya wa fili baya sun buɗe hannuwa suna tare 'yan bencinsu.