Amsa ga ƙanenmu mai shirin zuwa karatu Tekzas: maganar sayen harsashi a wata jiha

Assalamu alaikum, ƙanenmu. Allah ya sanya albarka a gurbin karatun da ka samu. Ka ce kai ɗan gidan mafarauta ne, kuma idan hutu ya zo kana so ka ziyarci 'yan'uwa a Shikago da Kalifoniya, ku fita harbi tare. Tambayarka ita ce, ko baƙon da ya zo daga wata jiha zai iya shiga kanti da fasfonsa ya sayi harsashi.

Kafin a kai ga maganar jiha, akwai wadda ta fi ta nauyi, kuma ita ce ke jefa ɗalibai cikin masifa. Dokar tarayyar Amurka, a kundi na 18 sashe na 922(g)(5), ta haramta wa duk wanda ya shigo ƙasar da bizar zaman wucin gadi ya mallaki bindiga ko harsashi. Bizar karatu ta F-1 tana ciki, haka J-1, da bizar ziyara, da ta aiki irin H-1B. Mallaka a nan ba sai ka saya ka ajiye a ɗaki ba. Ka riƙe a hannu a filin koyon harbi, ko aboki ya ba ka kwali ɗaya ka ajiye masa a mota, duk mallaka ce. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 15 tun gyaran da aka yi wa dokar a 2022, kafin nan shekara 10 ne. Kuma a dokar shige da fice ana lissafa wannan cikin manyan laifuka, wato bayan ɗauri sai kora, ƙofar dawowa kuma ta rufe. Mai katin zama na dindindin wannan haramci bai shafe shi ba, shi ya sa ɗan'uwanka da ya daɗe a can zai iya ce maka da zuciya ɗaya "ba komai, ni kullum ina saye". Gaskiyarsa ya faɗa, amma takardunku ba ɗaya ba ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne, a yawancin jihohi, har da Tekzas, babu mai tambayarka biza a kanti. Dokar tarayya ba ta sa a binciki tarihin mai sayen harsashi ba, ba a cika takardar da ake cikawa wajen sayen bindiga, kuma ba sharaɗi ba ne sai kana zaune a jihar. Harsasai suna nan jere a kanta kamar kwalayen sabulu, mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa ya duba shekarunka a kati ya miƙo maka rasit. Sauƙin sayen bai halatta maka shi ba. Shi ma abokin da ya saya ya miƙa maka, alhali ya san irin bizarka, sashe na 922(d) ya kama shi.

Akwai mafita guda, kuma halastacciya ce. Sashe na 922(y)(2) ya keɓe mai bizar wucin gadi da ke riƙe da lasisin farauta mai rai wanda wata jiha ta Amurka ta bayar. Ba lalle sai na jihar da kake tsaye ba, a idon tarayya na kowace jiha ya wadatar. A Tekzas hukumar kula da namun daji da wuraren shaƙatawa ce ke bayar da shi, kuma duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta kafin ya shiga daji. Ka yi kwas ɗin, ka karɓi lasisin, ka buga shi a takarda ka haɗa da fasfo da takardar shaidar shigowarka ƙasar (I-94) da ta ɗalibta da makaranta ta ba ka (I-20). Sai ka lura da kwanan wata, domin a nan ake tuntuɓe: lasisin farautar Tekzas yana mutuwa ranar 31 ga Agusta kowace shekara, ko da a watan Yuli ka saye shi. Idan gari ya waye 1 ga Satumba ba ka sabunta ba, ragowar harsasai biyar da ke cikin aljihun tebur sun zama laifin tarayya.

Kuma lasisin yana aiki ne muddin zamanka na kan ƙa'ida. Idan makaranta ta cire sunanka daga rajistar ɗalibai baƙi saboda faɗuwa jarrabawa ko rashin biyan kuɗi, ka koma sahun masu zama ba bisa doka ba, su kuwa babu lasisin da ke keɓe su. Haka ta faru da Hamid Rehaif, ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wata jami'a a Filorida ta sallama. Ya ci gaba da zama, ya je filin koyon harbi, aka same shi da harsasai, aka yanke masa wata 18. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2019 ta ce dole gwamnati ta tabbatar mutum ya san matsayinsa kafin a hukunta shi. Kai da ka sa hannu a takardun bizarka da kanka, wannan hujja ba za ta ɗauke ka ba.

Shekaru kuma: mai kanti mai lasisi ba zai sayar wa ɗan ƙasa da 18 harsashin doguwar bindiga ko ta harbin tsuntsaye ba, na ƙaramar bindiga kuwa sai 21. Ƙaramin harsashi mai lamba .22 yana shiga doguwar bindiga da ƙarama duka, don haka za a iya tambayarka wace bindiga za ka sa wa. Wasu manyan kantuna sun ɗaura nasu sharaɗin a kan na doka, Walmart misali ba ya sayar wa ɗan ƙasa da 21 tun 2018.

To yanzu jihohin da ka ambata. Ilinoyi, inda Shikago take, tana da katin shaidar mai bindiga da ake kira FOID, kuma mazaunin jihar ba ya sayen ko harsashi ɗaya sai ya nuna shi. Baƙo ba shi da wannan kati. Dokarsu ta keɓe wasu baƙi, kamar mafaraucin da ke da lasisin farauta na baƙi a lokacin farauta, da wanda ke cikin filin koyon harbi da hukuma ta amince da shi. Kada ka ɗauka lasisinka na Tekzas zai buɗe maka daji a can: ya fitar da kai daga haramcin tarayya ne kawai, farauta a Ilinoyi sai da lasisin Ilinoyi. Ko kana cikin waɗanda aka keɓe, kantuna da yawa a kewayen Shikago ba sa son ɗaukar kasada, da sun ga babu kati sai su ce ka yi haƙuri. Ka buga waya kafin ka ƙona mai.

Kalifoniya ta fi tsauri. Masu zaɓe sun amince da ƙudiri na 63 a 2016, kuma tun 1 ga Yuli 2019 duk mai sayen harsashi sai an bincike shi a kanti, fuska da fuska. Wanda ba shi da bindiga a rajistar jihar yana biyan dala 19 a yi masa binciken, sakamakon kuma yana iya ɗaukar kwanaki. Matsalarka ita ce tsarin an gina shi a kan katin shaida ko lasisin tuƙi na Kalifoniya. Baƙo daga wata jiha ba shi da hanya sai ya nemi takardar shaidar cancanta daga ma'aikatar shari'ar jihar, da ɗaukar zanen yatsu da jiran makonni, abin da ba zai yiwu a hutun kwana goma ba. Abin da ya rage shi ne saye a filin koyon harbi, a harbe shi a wurin, ba a fita da ko ɗaya. An yi shekaru ana shari'a a kan wannan doka a kotunan tarayya, don haka ka duba shafin ma'aikatar a satin tafiyarka. Kada kuma ɗan'uwanka mazaunin jihar ya ce zai tsallaka Nebada ya sayo muku. Doka ta hana mazaunin Kalifoniya shigo da harsashin da ya saya a waje sai ta hannun dillali mai lasisi. Idan farauta ce, harsashin dalma haramun ne a duk faɗin jihar tun 2019, sai na jan ƙarfe da makamantansa. Harbin agwagin ruwa da dalma kuwa an hana shi a Amurka baki ɗaya tun 1991.

Gabas ma akwai tarko, in har hutu ya kai ka can. Niyok tana binciken mai sayen harsashi ta hannun 'yan sandan jiha tun Satumba 2023, kuɗin dala 2.50 duk saye. Konetikat tana neman takardar izini. Masachusets ba ta sayar wa baƙo ko kaɗan. A birnin Washinton riƙe harsashi laifi ne ga wanda ba shi da bindiga mai rajista a birnin. Niyu Jazi tana da tsananin doka a kan harsashi mai rami a baki. Sayen intanet ba ya tsallake waɗannan, domin dillalai ko dai su ƙi aikawa, ko su aika wa kanti mai lasisi ka je ka karɓa da takardunka.

Ga wani ƙaramin abu da muke so ka riƙe da kyau. Idan an gama harbi, ƙasa takan cika da kwanson harsashi, jajaye masu sheƙi, wasu da ɗuminsu, kuma hannu yakan kai ga ɗaya a jefa aljihu don tunawa. A ma'anar dokar tarayya, kwanso harsashi ne, haka albarushi, haka ɗan maɓallin da ke gindinsa. Kafin ka bar filin ka zazzage aljihunka, ka juye jakarka, ka duba tsagin tafin takalminka, domin kwanson .22 yakan maƙale a nan. Ita wannan jakar ce za ka goya zuwa aji, ita za ka ɗora a injin bincike na filin jirgi. Mu shawararmu, jakar filin harbi daban, jakar littafi daban, kada su taɓa haɗuwa.

Game da ɗaukar kaya a hanya: a jirgin sama harsashi ba ya shiga jakar hannu, sai jakar da ake aunawa, cikin kwalinsa na asali ko akwatin da aka yi dominsa, kuma ka sanar da ma'aikatan kamfanin a wurin awo. Yawancin kamfanoni sun tsaya a kilo 5. A mota, bindiga babu harsashi a ciki, a kulle su a but, ba a ɗan akwatin gaban fasinja ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai galibi sun haramta ajiye harsashi, kuma wannan kaɗai na iya jawo kora daga makaranta, korar da ke kashe biza. Zuwa gida kuwa kada ka soma. Fitar da harsashi daga Amurka sai da izinin gwamnati, shigar da shi Nijeriya babu lasisi kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar bindigogi, ko da tsaraba ce ga Baba.

Idan ka sauka, ka fara da ofishin ɗalibai baƙi na jami'arka, ka faɗa musu niyyarka ƙarara, sannan ka biya lauyan shige da fice kuɗin zama ɗaya ya duba takardunka kafin ka taɓa komai. Idan an gayyace ka filin harbi lasisin bai fito ba tukuna, ka ce a ɗaga ranar. A gaida mutanen gida.