Amsa ga ƙanena kan kauci da karatun Ayurveda

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni a nan Jamnagar, a ƙasar Indiya. Ka ce ka ji wai Indiyawa na warkar da ciwon daji da kauci, shi ya sa kake son zuwa karatun Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya. Son ranka ya yi min daɗi, amma wanda ya ba ka labarin ya haɗa abu biyu.

Kaucin da ake yi wa masu ciwon daji allurarsa na Turai ne, Viscum album. Rudolf Steiner, wani masanin falsafa ɗan Austriya, ya kawo shawarar a 1920, kuma a Jamus da Suwizalan aka fi amfani da shi, a matsayin taimako tare da maganin asibiti. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba. Babu ruwan Ayurveda da wannan.

Na Indiya daban ne, Dendrophthoe falcata. Da Hindi ana kiransa banda, tsofaffin littattafan Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kuma su ce vrikshadani, wato "mai cin bishiya". Ranar da na fara ganinsa a kan mangwaro na daɗe a tsaye, domin furensa dogo ne mai ja-ja kamar na kaucin da Kawu ke sa mu hau ɗorawa mu tsinko masa. Dangi ɗaya ne da namu. Amma fa a littafin Charaka, ɗaya daga cikin magabatan Ayurveda, cikin ganyaye goma masu sa fitsari aka lissafa shi, Sushruta, wani magabacin, kuma ya sa shi a rukunin da ake ba mai tsakuwar mara da mai wahalar fitsari. Matsayinsa ke nan, ba maganin komai da ruwanka ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun uwar bishiya. Kawu bai taɓa cewa "kauci" ya yi shiru ba, sai ya ce na kaɗanya ko na tsamiya. A da ina ɗauka al'ada ce kawai. Ashe kauci ruwan jikin bishiyar yake sha, har an samu wanda ya fito a kan oleander, wata fulawa mai dafi, ɗauke da gubarta mai taɓa zuciya. Kaucin Indiya kuwa yana hawa ɗaruruwan irin bishiyoyi. Don haka idan an miƙo maka garin kauci ba a faɗa maka inda aka cire shi ba, kada ka ba kowa.

Digirin Ayurveda, wanda ake kira BAMS, shekara 5 da rabi ne, ta ƙarshen ta aikin asibiti ce. Akwai Sanskirit tun shekarar farko, sai ka zage damtse. Dravyaguna, darasin sanin tsirrai, yana zuwa bayan nan. Ma'aikatar AYUSH mai kula da maganin gargajiya a Indiya, wadda aka kafa a 2014, tana ba baƙi tallafin karatu ta hannun ICCR, hukumar hulɗar al'adu ta Indiya, ka tambaya a ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja, kuma ka binciki matsayin takardar a gida tun kafin ka biya ko sisi.

Roƙona ɗaya. Kafin ka taso, ka zauna da Kawu da littafi da biro. Kowane kauci ka rubuta bishiyarsa, lokacin cirarsa, yadda yake jiƙa shi, da wanda yake hana wa sha. Ka ɗauki hotuna. Ni ban yi haka ba, ga shi kullum malamaina suna tambayata game da namu ina rasa abin faɗa. Ka gaishe min da shi da Inna.