Sun ce ba kora ba ce, wai "raitsaizin" ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin sito a wani kamfanin casar shinkafa a nan Kebbi, shekara 6 kenan. Satin da ya wuce aka tara mu aka ce za a yi "raitsaizin", wato rage yawan ma'aikata, wai ba kora ba ce, daga yanzu mu "fatna" ne, wato abokan hulɗa, ba ma'aikata ba, kuma duk wanda ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa za a ba shi "fakej", wato wasu kuɗi na tafiya. An ba mu zuwa Juma'a. Ina da iyali, wallahi ko barci ban iya yi. In rubuta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka rubuta komai tukuna, ko sun matsa.

Waɗannan kalmomin ba daga doka suka fito ba, konsaltan, masu ba kamfanoni shawara, ne ke ƙirƙiro su a taron bita, bana raitsaizin baɗi wani sabon suna, duk don manaja ya samu bakin faɗin abu mai ɗaci ba tare da ya ce "mun sallame ku" ba. Dokar Ƙwadago ba ruwanta da sunan da aka laƙaba. In ma'aikata sun yi wa kamfani yawa ya rage su, sashe na 20 ya ce sai an sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya zo ƙarshe tare da duba ƙwazo da riƙon amana, sannan a zauna a tattauna kuɗin sallama. Sashe na 11 kuma ya ba wanda ya kai shekara 5 notis na wata guda, ko kuɗin watan. Kai ka wuce nan.

Toh ga abin da ke ƙona min rai, kullum sai na gamu da shi: wai gara ka ajiye aiki da kanka don kar sunanka ya ɓaci. Wa ya faɗa muku haka? A majalisa da teburin mai shayi ake yaɗa wannan magana, mutanen da ba su taɓa buɗe dokar ba suna ba magidanci shawarar da za ta raba shi da haƙƙinsa. Rage ma'aikata ba laifinka ba ne, ba sata ka yi ba, babu abin kunya a ciki. Amma ranar da ka sa hannu cewa kai ka tafi don raɗin kanka, ka ba su hujja da rubutunka, gobe ka je neman kuɗin sallama su ɗauko takardar su ce ai ba wanda ya kore shi, kuma fakej ɗin nan da aka faɗa da baki a cikin taro, nawa ne, yaushe za a biya, wa ya sa hannu? Shi ya sa ake ba ku kwana kaɗan, don kar ku samu lokacin tambaya. Kunya halinmu ce mai kyau, amma wajen haƙƙin abincin 'ya'yanka ba wurinta ba ne, kuma ku masu kamfani ku ji tsoron Allah, gumin ma'aikata ne kuke canza wa suna.

Batun fatna ma haka. In su ke sa maka lokacin zuwa da tashi, su ke ba ka umarni, su ke biyanka duk wata, kotu yanayin aikin take dubawa ba laƙabi kaɗai ba.

Kafin Juma'ar ka nemi su ba ka tayin a rubuce. Ka adana takardar ɗaukarka aiki da alat ɗin albashi, ka duba asusun fanshonka ko suna zuba kashi 10 nasu da kashi 8 naka kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta ce. Sai ku haɗu ku je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Birnin Kebbi, in abin ya ƙi, lauya ya kai shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ku je tare, kar kowa ya shiga ofishin manaja shi kaɗai.